Martani: Silimar Italiya Ba Ta Tsaya Kan Ɓarayin Keke Ba

Kwanan baya wani malamin sharhin fina-finai ya rubuta maƙala yana ba matasan daraktocinmu shawara su je ga Italiya su ɗauki darasi. Shawara ce mai kyau, kuma ina tare da shi a kanta. Inda muka raba gari shi ne yadda ya kasa fina-finan ƙasar kashi uku. Kashin farko a wurinsa na manya ne: Rossellini da De Sica da Visconti, sai Fellini da Antonioni, waɗanda suka nuna yaƙi da talauci da kaɗaicin ɗan Adam. Na biyu fina-finan barkwanci, waɗanda ya ɗauka abin kashe lokaci ne da 'yan kasuwa suka ƙago don tara kuɗi. Na uku kuwa fina-finan ban tsoro, da ya kira ƙazanta da jini, ya ce bai kamata mai hankali ya ɓata idonsa a kansu ba. Ya rufe da cewa mai son koyo ya riƙe kashin farko ya watsar da sauran.

Malam, da dukkan girmamawa, wannan rabo naka ne, Italiyawa ba su yi shi ba. Duk wanda ya bi diddigin su wa suka rubuta waɗannan fina-finai, su wa suka riƙe kyamara, da kuɗin wa aka yi su, zai tarar mutane ɗaya ne ke aiki a kashi ukun nan.

Mu fara da fim ɗin da Malam ya fi girmamawa, Roma città aperta na Roberto Rossellini, wanda ya fito a 1945, labarin birnin Rum a ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus. Manyan 'yan wasansa biyu, Anna Magnani da Aldo Fabrizi, daga dandalin barkwanci aka ɗauko su, kuma shekara biyu kafin nan sun fito tare a wani fim na ban dariya mai suna Campo de' fiori. Cikin waɗanda suka rubuta labarin akwai wani saurayi, Federico Fellini, wanda sana'arsa a lokacin zanen barkwanci ce, ya kuma yi shekaru yana rubuta wa mujallar raha ta Marc'Aurelio. A tsakiyar fim ɗin, sa'ad da sojoji suka kewaye gidan haya suna bincike, limamin coci ya hau sama don ɓoye makamai, ya yi kamar ya zo yi wa wani tsoho addu'ar ƙarshe. Tsohon ya ƙi yarda cewa mutuwa zai yi, yana ta hayaniya, sai limamin ya kwaɗa masa kaskon suya a ka don ya yi shiru. Mai kallo na cikin dariya, bayan 'yan mintuna kaɗan a harbe Pina, mace mai ciki, tana bin motar da ta ɗauke mijin da za ta aura. Wannan mutuwa ta fi shekara saba'in tana girgiza mutane, kuma rabin ƙarfinta daga dariyar da ta gabace ta ya fito. Rossellini ya san abin da yake yi.

Vittorio De Sica fa? Kafin Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke na 1948, shi ne jarumin fina-finan soyayya da raha na shekarun 1930, a hannun darakta Mario Camerini. Bayan ya zama babban darakta ma bai bar wannan fage ba. A 1953 ya fito a Pane, amore e fantasia tare da Gina Lollobrigida, kuma ɗaya daga cikin kyaututtukan Oska da fina-finansa suka ci na barkwanci ne, Ieri, oggi, domani na 1963, inda Sophia Loren ta fito a matar da ke sayar da sigari ta fasa-ƙwauri a Napoli, tana ɗaukar ciki bayan ciki saboda doka ta hana a ɗaure mai juna biyu. Wannan labarin talauci ne tsagwaronsa, kuma ɗan kallo na dariya daga farko har ƙarshe.

Akwai dalilin da ya sa abin ya juya haka, kuma Malam bai taɓo shi ba. Fina-finan nuna zahirin talauci sun sha yabo a Faransa da Amurka, amma da yawansu ba su yi kasuwa a gida ba. Umberto D. na 1952, labarin tsohon ma'aikaci da fansho ba ya isar sa biyan haya, ya faɗi a kasuwa, kuma Giulio Andreotti, wanda ke kula da harkar fim a gwamnati a lokacin, ya fito fili ya zargi De Sica da ɓata sunan ƙasarsa a idon duniya. Talakan da aka yi fim ɗin dominsa bai je kallo ba, gwamnati kuma ta ɗaure fuska. To wa ya ci gaba da faɗin gaskiyar? Masu barkwanci ne suka ɗauki kayan, suka kai shi gaban jama'a a lokacin da Italiyawa ke sayen tikitin silima sama da miliyan 800 a shekara, kamar yadda aka yi a 1955.

Dubi Guardie e ladri na 1951, na Mario Monicelli da Steno. Ɗan wasan barkwanci Totò ya fito a ɗan damfara da ke sayar wa baƙi kuɗin jabu da sunan kayan tarihi, Fabrizi kuma ɗan sanda ne da aka ba wata uku ya kamo shi ko ya rasa aikinsa. Garin farauta iyalansu suka shaƙu, kowannensu ya gane ɗan'uwansa magidanci ne mai neman abin sa wa yara a baki. A ƙarshe ɓarawon ne ke jan ɗan sandan zuwa ofishin 'yan sanda, don shi ɗan sandan zuciyarsa ta karaya. Hukumar tace fina-finai ta ba su wahala kafin ta sake shi, saboda ba ta saba ganin mai kaki yana abota da ɓarawo ba, sannan labarin ya ci kyauta a bikin Cannes na 1952. Ina roƙon Malam ya riƙe sunan wanda ya ɗauki hoton wannan fim: Mario Bava. Za mu dawo kansa.

Monicelli ya ƙara gaba da La grande guerra a 1959. Har zuwa lokacin, Yaƙin Duniya na Farko abu ne da ba a taɓa shi a Italiya sai da kirari da jinjina. Shi kuwa ya ɗauko matsorata biyu, Alberto Sordi da Vittorio Gassman, masu zillewa duk wani aiki mai haɗari. Sojojin Ostiriya suka kama su, har sun yarda za su tona asirin inda gadar sojojinsu take don su tsira, sai hafsan ya yi wa Italiyawa gori a kan tsoro. Ɗaya ya fusata ya ƙi magana, aka harbe shi. Ɗayan aka harbe shi yana kuka yana cewa shi matsoraci ne, bai san komai ba. Can a sansaninsu kuwa shugabansu na cewa sun sake gudu kamar yadda suka saba. A bikin Benis na wannan shekara an raba babbar kyauta ta Zakin Zinare gida biyu, tsakanin wannan fim da Il generale Della Rovere na Rossellini. Alƙalan da suka zauna a 1959 ba su ga katangar da Malam ke gani ba.

Wanda ya fi kowanne rusa hujjar Malam, a ganina, shi ne Divorzio all'italiana na Pietro Germi, 1961. A lokacin babu saki a dokar Italiya. Amma akwai sashe na 587 na dokar laifuka, wanda ya ce mutumin da ya kama matarsa da wani ya kashe ta cikin fushin kare mutunci, ɗaurin shekara uku zuwa bakwai ne kawai a kansa. Germi ya haɗa waɗannan biyu ya fito da tambaya mai ban tsoro: in mutum ya gaji da matarsa, wace hanya doka ta bar masa? Marcello Mastroianni ya fito a wani basarake na Sisili da arziki ya gudu ya bari, yana son auren 'yar'uwarsa yarinya, sai ya shiga ƙulla yadda matarsa za ta faɗa hannun tsohon saurayinta don ya sami dalilin kashe ta. Ya kuwa kashe ta, ya yi shekara uku a kurkuku, ya fito gari na yi masa barka. Labarin ya ci Oska. Bayan shekara uku Germi ya sake yin Sedotta e abbandonata, a kan wata dokar da ke yafe wa wanda ya yi wa yarinya fyaɗe muddin ya aure ta. Ba a jima ba, a ƙarshen 1965, aka sace wata yarinya 'yar Sisili, Franca Viola, ta ƙi auren wanda ya sace ta, mahaifinta ya tsaya mata, kotu ta ɗaure mutumin. Saki ya zama doka a 1970, jama'a suka tabbatar da shi da ƙuri'ar raba gardama a 1974, waɗancan dokoki biyu kuma aka soke su a 1981. Ba ina cewa fim ne shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Mata ne suka yi gwagwarmaya, 'yan majalisa suka yi nasu. Amma miliyoyin mutane sun zauna a silima sun yi wa dokar ƙasarsu dariya, kuma dokar da aka yi wa dariya a bainar jama'a ba ta ƙara samun kwarjininta na da. Malam ya nuna mini fim ɗin Antonioni ɗaya da ya taɓa rayuwar matan ƙauyen Sisili haka.

Ba raina Antonioni nake yi ba. L'avventura babban aiki ne. Sai dai ciwon da yake nunawa, na mutanen da kuɗi ya zo musu amma zuciya ta zama fanko, shi ne Dino Risi ya nuna a Il sorpasso na 1962, da harshen da direban tasi zai fahimta. Gassman a cikin motarsa Lancia Aurelia, yana hon yana wuce kowa a hanya, ya ɗauki wani ɗalibin shari'a mai kunya yawo a ranar hutun tsakiyar Agusta. Ɗalibin ya fara koyon sakin jiki ke nan, motar ta kauce ta faɗa kwazazzabo, ya mutu, mai motar ya tsira, kuma ko sunan mahaifin yaron bai sani ba. Risi likita ne da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa kafin ya shiga fim, kuma ana ganin haka a aikinsa.

Yanzu ga batun ban tsoro, inda na san Malam zai fi tsayawa da ƙarfi. Zan ba shi gaskiyarsa tukuna. Akwai fina-finan wannan fage da ba su da abin karewa. A Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, 1980, an kashe dabbobi na gaske a gaban kyamara, kuma wannan zalunci ne ko wane suna aka ba shi. Da yawa daga cikin fina-finan kisan gilla na shekarun 1970 sun mai da jikin mace abin yanka don nishaɗi. Mu 'yan Afirka muna da namu ƙorafin a kan Africa addio na 1966, wanda ya zo da rigar rahoton gaskiya ya nuna nahiyarmu tamkar mayanka bayan tafiyar Turawa. Wanda ya ce addininsa ko tarbiyyarsa ba su bar shi kallon irin wannan ba, ba ni da ja da shi. Amma hukuncin Malam bai tsaya nan ba. Cewa ya yi babu fasaha a fagen gaba ɗaya, kuma a nan ne ya yi kuskure.

Mario Bava ɗin da na ce a riƙe sunansa ɗan mai sassaƙa ne da ya yi aikin dabarun hoto tun zamanin fim marar magana. Shi kansa zane ya koya, kuma shi ya ɗauki hoton wasu gajerun fina-finan Rossellini na farko. Gwamnatin Mussolini ba ta yarda da fim ɗin ban tsoro ba, don haka sai a 1957 aka yi I vampiri, wanda Riccardo Freda ya fara, Bava ya ƙarasa. A 1960 ya fito da nasa, La maschera del demonio, baƙi da fari, kowace fitowa kamar zanen da aka rataye a bango. Bava mutum ne da ake ba kuɗi kaɗan da kwanaki kaɗan. A Terrore nello spazio na 1965 ya gina duniyar wata tauraruwa da duwatsun roba biyu da suka rage daga wani fim, da hayaƙi, da madubai, da fitilu masu launi. Ga matashin darakta a Kano ko Maraɗi da ke kukan rashin jari, ban san malamin da ya fi wannan amfani ba. Visconti, da ya fito daga gidan sarauta, ya yi Il gattopardo da dukiyar da ta kusa durƙusar da kamfanin Titanus. Darasinsa na da kyau, amma ba kowa ke da aljihun ɗaukarsa ba.

Kuma manyan da Malam ke girmamawa sun san darajar Bava. A Operazione paura na 1966 fatalwar wata yarinya ce mai farar riga, tana wasa da ƙwallo. Bayan shekara biyu Fellini ya yi Toby Dammit, Shaiɗan ya zo a siffar yarinya mai farar riga da ƙwallo. Masu sharhi sun daɗe da lura da wannan kama.

Dario Argento ya fi kowa nuna yadda hannayen suka cakuɗe. Ɗan jarida ne mai sharhin fim, sannan shi da Bernardo Bertolucci suka taya Sergio Leone tsara labarin C'era una volta il West na 1968. Fim ɗinsa na farko, L'uccello dalle piume di cristallo na 1970, Vittorio Storaro ne ya ɗauki hotonsa, wanda a wannan shekarar ya ɗauki Il conformista na Bertolucci, daga baya ya ci Oska uku. Kiɗan kuwa na Ennio Morricone ne. Profondo rosso na 1975 ya rubuta shi ne tare da Bernardino Zapponi, abokin rubutun Fellini. Jaruminsa David Hemmings ne na Blowup ɗin Antonioni, kuma a ciki akwai Clara Calamai, jarumar Ossessione na Visconti tun 1943. Suspiria na 1977, wanda launukansa har yau ɗaliban fim ke nazari, Luciano Tovoli ne ya ɗauke shi, bayan ya gama aiki da Antonioni a Professione: reporter. In Storaro gwani ne a wurin Bertolucci, yaya aikinsa zai zama ƙazanta a wurin Argento cikin shekara guda?

Har Lucio Fulci, wanda aka fi sani da zubar da jini, yana da abin da zan ɗora a gaban Malam. Ya fara ne da rubuta wa Totò da Steno barkwanci, ya kuma ba da umarni a fina-finan 'yan raha biyu na Sisili, Franco da Ciccio. A 1972 ya yi Non si sevizia un paperino: ana kashe yara a wani ƙauye na kudancin Italiya, mutanen gari suka ɗora wa wata mata da suke zargi da maita. 'Yan sanda sun wanke ta sun sake ta, amma maza suka tare ta a maƙabarta suka yi mata dukan mutuwa da sarƙa. Ta ja jiki har bakin babbar hanya tana ɗaga hannu, motocin masu tafiya hutu na wucewa, babu wanda ya tsaya. Mai kisan kuwa limamin cocin ƙauyen ne. Mai karatun da ya taɓa jin an taru an kashe tsohuwa a kan zargin maita ya san ba tatsuniya ake ba shi ba. Fim ɗin na da wuyar kallo, kuma ya kamata ya yi wuyar, don abin da yake nunawa mummuna ne. Mu kuma tuna zamanin da aka yi waɗannan fina-finai: daga bam ɗin Piazza Fontana a Milan a Disamban 1969 zuwa sacewa da kashe tsohon firaminista Aldo Moro a 1978, Italiyawa na zaune cikin fargabar makashin da ba a san fuskarsa ba. In kuma jini ne ma'aunin Malam, to Salò na Pasolini, 1975, ya fi yawancinsu muni a ido, kuma yana cikin jerin manya.

Sai batun kuɗi, wanda masu sharhi ba su cika son taɓawa ba. Furodusa Alberto Grimaldi da fina-finan kaboyi na Leone ya yi arziki, da wannan arziki ya ɗauki nauyin Satyricon na Fellini, da fina-finan Pasolini na ƙarshe, da Novecento na Bertolucci. Titanus kuwa, bayan asarar da ta tafka a farkon shekarun 1960, ƙananan fina-finan waƙa da barkwanci ne suka taimaka mata ta miƙe. Masana'antar da ke fitar da fim sama da 200 a shekara ita ce ke iya riƙe masu haske da masu gini da masu ɗinki a bakin aiki kullum a sutudiyon Cinecittà, har ranar da Fellini zai buƙace su ya same su da ƙwarewarsu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma manyan daraktoci ba sa tsirowa a inda babu kasuwa.

Abin da ya fi damuna a maƙalar Malam shi ne na san irin wannan raini a gida. Totò ya yi fim kusan 100, jama'a na ƙaunarsa, masu sharhi na yi masa kallon ɗan wasan kasuwa. Sai a 1966, yana tsoho idonsa ya kusa rufewa, Pasolini ya sa shi a Uccellacci e uccellini, kowa ya farga da abin da ke gabansu tun tuni. Ya rasu a 1967, mutanen Napoli suka cika tituna don rakiyarsa. Mu ma mun yi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2014, kuma sau nawa aka ɗauki aikinsa da muhimmanci yana raye? Shawarar da ke cewa matashi ya guji barkwanci in yana son a kira shi darakta na gaske, ita ce ke hana mu samun namu Monicelli, mutumin da zai ɗauki gwanin ban dariya ya ba shi labari mai nauyi. A 1977 Monicelli ya yi haka da Sordi a Un borghese piccolo piccolo: ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ke fafutukar sama wa ɗansa aiki, ana ta dariya, sai harsashin 'yan fashi ya kashe yaron a ranar jarrabawa, uban ya kama makashin ya ɗaure shi yana azabtar da shi. Barkwanci da ban tausayi da ban tsoro duk a fim ɗaya, a hannun darakta ɗaya. A wane kashi Malam zai sa shi?

Al'adar ba ta mutu ba. A 2023 Paola Cortellesi, wadda ta yi suna a matsayin 'yar barkwanci, ta fito da C'è ancora domani, baƙi da fari, labarin matar da mijinta ke duka a Rum ta 1946, shekarar da matan Italiya suka fara kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Ana dariya a cikinsa ana kuka, kuma shi ya fi kowane fim samun kuɗi a Italiya a wannan shekara, har ya wuce Barbie.

Ga matasan da Malam ya rubuta dominsu, ku bi shawararsa ku kalli Ɓarayin Keke da Umberto D., ba za ku yi nadama ba. Amma kada ku tsaya nan. Ku nemi Guardie e ladri da La grande guerra da Divorzio all'italiana ku ga yadda ake faɗa wa hukuma gaskiya silima cike da mutane, kuma wanda zuciyarsa za ta ɗauka ya ƙara da La maschera del demonio ya ga abin da fitila da inuwa ke yi in kuɗi ya yi ƙaranci. Shi kuma Malam, ina roƙonsa ya zauna ya kalli waɗannan huɗun daga farko har ƙarshe, sannan ya sake rubuta mana hukuncinsa fim bayan fim.